Naushad Ali, Ɗan Akawun Da Ya Ɗaukaka Kiɗan Sinima A Ƙasar Indiya

Duk wanda ya taɓa shiga gidan sinima ya kalli wasan Indiya, ya san ba a yinsa sai da waƙa. Ko labarin yaƙi ne, ko na soyayya, ko na talaka da mai ba shi bashi, ba za a ƙare ba sai an yi waƙa shida ko bakwai, wani lokaci ma fiye da goma. In an tashi za ka ji mutane sun fito suna yabon 'yan wasa, wannan ya ce Dilip Kumar, wancan ya ce Nargis, wani kuma yana tafe yana bin karin waƙar da ya ji da fito. Amma da wuya ka ji wanda ya tambayi ko wane ne ya ƙaga wannan kari. Sunansa ya kan gilma ne can a farkon wasa, sa'ad da mutane ke ta neman wurin zama.

Shi wannan mutum da ba a gani, shi a ke kira mai tsara kiɗa, aikinsa kuwa ba ƙarami ba ne. Shi zai zauna da mai shirya wasa ya ji labari tun daga farko har ƙarshe, ya san inda za a yi kuka da inda za a yi murna. Sa'an nan ya zauna da mai rubuta baitoci su daidaita kalmomi da kari, ya zaɓi muryar da ta dace da ko wace waƙa, ya tara makaɗa ya koya wa ko wanne nasa rabo, har a ɗauki waƙar a na'ura. Bayan wannan kuma sai ya bi wasan duka yana sa masa kiɗan da a ke ji a ƙarƙashin maganar 'yan wasa. A cikin waɗanda suka yi wannan sana'a a ƙasar Indiya, babu wanda a ke ambata da girmamawa kamar Naushad Ali. Labarinsa shi ne na mutumin da ya sami sana'a a wulakance, ya bar ta da mutunci, hanyar da ya bi kuwa ita ce abin da ya kamata mu duba.

Asalinsa

An haifi Naushad a ƙarshen watan Disamba na 1919, a birnin Laknau, can arewacin Indiya. Laknau tsohon birnin sarauta ne. Nan sarakunan Musulmi na ƙasar Awad suka zauna, har zuwa 1856 da Ingilishi suka tuɓe na ƙarshensu, Wajid Ali Shah, wanda ya shahara wajen son waƙa da rawa. Sarauta ta tafi, amma ta bar wa birnin gado biyu, watau tsabtar harshen Urdu da gwanintar kiɗa. Sai dai kuma da fada ta watse, makaɗa da yawa suka koma neman abinci a gidajen mata masu zaman kansu da wuraren biki. Sabo da haka mutumin kirki ya kan ji kiɗa ya ji daɗi, amma ba ya yarda ɗansa ya taɓa ganga. Wannan hali ba baƙo ba ne gare mu, domin a ƙasar Hausa ma mutum ya kan yi wa makaɗi kyautar riga, amma in ya zo neman 'yarsa sai magana ta sāke.

Uban Naushad, Wahid Ali, akawun kotu ne, mai riƙon addini, burinsa kuwa shi ne yaro ya yi karatu ya gaji alƙalami. Yaro kuma tun yana ƙarami hankalinsa ya tafi wani wuri. Akwai wani gari kusa da Laknau wai shi Dewa Sharif, inda kabarin wani waliyyi ya ke, ana taruwa can ko wace shekara, manyan mawaƙan bege su zo su yi ta waƙa. Naushad ya kan je ya zauna ya saurara. Daga nan ya shiga zuwa wani kanti da a ke sayar da kayan kiɗa, yana shara yana gyaran harmoniya, watau wani akwatin kiɗa mai zuga-zugi, wanda a ke zugawa da hannu ɗaya ana danna bakinsa da ɗayan. Ya kuma yi karatun kiɗa a wurin malamai uku na garin, Ustaz Gurbat Ali, da Ustaz Yusuf Ali, da Ustaz Babban Sahib.

Amma makarantar da ta fi yi masa amfani ita ce gidan sinima. A lokacin nan hotunan sinima ba su magana, domin wasan Indiya na farko mai magana, Alam Ara, sai a 1931 ya fito. Sabo da haka mai gidan sinima ya kan ɗauki makaɗa su zauna a gaban farin ƙyallen da a ke haska hoto. Su kan fara kallon wasan su kaɗai, su shirya abin da za su kaɗa a ko wane wuri, in dare ya yi jama'a sun taru sai su bi hoton da kiɗa, a wurin gudu su tsananta, a wurin mutuwa su sassauta. Naushad ya lizimci irin waɗannan makaɗa a wani gidan sinima na Laknau mai suna Royal. Nan ya koyi abin da ba a koyarwa a gaban malami, watau yadda kiɗa ke sa mutum ya ji tsoro ko tausayi tun ɗan wasa bai buɗe baki ba.

Barin gida

Da uban ya ga abin ya wuce wasan yara, sai ya kira shi ya ce ya zaɓi ɗaya, ko gida ko kiɗa. Naushad ya zaɓi kiɗa. A ƙarshen 1937, yana da shekara kamar 18, ya kama hanyar Bombai, birnin da a ke kira Mumbai tun 1995, domin can ne cibiyar masu yin sinima. Ya fara sauka wurin wani mutumin garinsu, daga baya ya koma unguwar Dadar, inda ya rasa ɗaki, ya riƙa kwana a gefen titi daura da wani gidan sinima mai suna Broadway. Da safe ya tashi ya bi gidajen shirya wasa da ƙafa yana neman wanda zai saurare shi.

Aikin da ya fara samu shi ne na yaron wani mai tsara kiɗa, Ustaz Jande Khan, a kan rupi 40 a wata. Wasan da su ke yi bai kai ga fitowa ba. Ya yi ta fama, yau ya kaɗa wa wannan piyano, gobe ya taimaki wancan, har ya shiga kamfanin Ranjit a ƙarƙashin Khemchand Prakash, a kan rupi 60 a wata. Wannan mutum shi Naushad ya riƙa kira malaminsa har ƙarshen ransa. Akwai kuma wani mai rubuta baitoci, D. N. Madhok, wanda ya ga hazaƙar yaron, ya riƙa kai shi wurin masu shirya wasa yana yi masa shaida. Da taimakonsa aka ba Naushad wasan farko da ya tsara wa kiɗa shi kaɗai, Prem Nagar, a 1940. Labarin wasan a ƙasar Kuch aka kafa shi, can yammacin Indiya, Naushad kuwa bai yarda ya sa masa ko wane irin kiɗa ba sai da ya binciki irin waƙoƙin mutanen wannan ƙasa. Tun daga nan aka ga alamar inda ya dosa.

Sa'an nan ya haɗu da mai shirya wasa A. R. Kardar, suka yi wasanni da dama tare. A cikin ɗaya daga cikinsu, Sharda, na 1942, ya sa wata yarinya 'yar shekara 13, Suraiya, ta yi waƙa a madadin babbar 'yar wasa. Yarinyar nan daga baya ta zama tauraruwa. A nan ya kamata mai karatu ya san wata al'ada ta sinimar Indiya. Tun wajen 1935 aka gano dabarar ɗaukar waƙa daban, sa'an nan ɗan wasa ya riƙa motsa baki kamar shi ke yi. Sabo da haka yawancin muryoyin da mu ke ji ba na waɗanda mu ke gani ba ne, zaɓen mai muryar kuwa a hannun mai tsara kiɗa ya ke.

Wasan da ya fid da sunan Naushad sarari shi ne Rattan, na 1944. Ya ɗauko karin waƙoƙin ƙauyukan ƙasarsu, irin waɗanda mata ke yi a wurin biki da bakin rijiya, ya haɗa su da gangar da su ke kira dolak, ya ba wata mawaƙiya mai kakkaurar murya, Zohrabai, ta rera. Faya-fayen garmaho na wannan wasa suka bazu ko ina a Indiya. Yaron da ke karɓar rupi 40 a wata ya zama ana biyansa rupi 25,000 a kan wasa ɗaya.

Duk da haka, a gida sana'arsa ba ta daina zama abin kunya ba. Naushad da kansa ya sha ba da labarin aurensa, wanda aka yi a wannan lokaci. Da iyayensa suka nema masa mata a Laknau, ba su iya gaya wa surukai cewa makaɗi ne ba, sai suka ce ɗinki ya ke yi a Bombai. Ran biki aka kawo masu bushe-bushe, su kuwa ba abin da su ke busawa sai waƙoƙin Rattan, domin su ne a ke yayi. Dattawa suna ta tsine wa wanda ya ƙaga waɗannan waƙoƙi masu lalata yara, ango yana zaune a tsakiyarsu, ba shi da bakin cewa shi ne. Wannan labari abin dariya ne, amma ya nuna matsayin da sana'ar ta ke a lokacin, tela ya fi mai tsara kiɗa daraja ko da kuɗinsa ya ninka na telan sau ɗari.

Shekarun rabuwa

A 1946 ya yi wa Mehbub Khan kiɗan Anmol Ghadi, inda Nur Jahan ta yi waƙa, ya kuma yi Shahjehan tare da K. L. Saigal, wanda shi ne sarkin mawaƙan sinima na wannan zamani. Shekara ta zagayo, a 1947, Ingilishi suka bar ƙasar, aka raba ta biyu, Indiya da Pakistan, aka yi kashe-kashe masu ban tsoro tsakanin Musulmi da mabiya addinin Hindu da Sik. Musulmi da yawa na cikin masu sana'ar sinima suka ƙaura, har da Nur Jahan. Naushad ya zauna a Bombai.

A wannan shekara ce ya fara aiki da wani mawallafin waƙoƙin Urdu, Shakil Badayuni, a wasan Dard. Daga nan kusan duk baitocin da Naushad ya sa wa kari, Shakil ne ya rubuta, har fiye da shekara 20. Na ukunsu shi ne Muhammad Rafi, mutumin Panjab, wanda Naushad ya fara ba waƙa a 1944 yana saurayi, ya yi ta horonsa har ya zama muryar da aka fi sani a Indiya. Ta wajen mata kuwa, ya yi aiki da Shamshad Begum, da kuma Lata Mangeshkar, wadda waƙoƙinta na Andaz, a 1949, suna cikin abin da ya kafa ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Naushad kuwa ya san haka, shi ya sa in ya sami abokin aiki na kirki ba ya sakinsa.

Baiju Bawra

Kafin mu zo kan wasan da ya fi ko wanne muhimmanci a tarihinsa, sai mun yi bayanin abu biyu. Na farko, Indiyawa suna da wani tsohon ilmin kiɗa da su ke gada daga malami zuwa almajiri, an gina shi a kan abin da su ke kira raga. Ita raga tsari ce ta muryoyi, an ƙayyade waɗanda za a taka in ana hawa, da waɗanda za a taka in ana sauka, da wadda za a daɗe a kanta. Ko wace raga da halinta da lokacinta. Bairab ta asuba ce, Malkauns ta tsakar dare, Malhar ta damina, Darbari kuwa ta fada ce, ana danganta ta ga Tansen, mawaƙin Sarki Akbar. Gwani ya kan shafe sa'a guda yana warware raga ɗaya, masu sauraronsa kuwa sarakuna ne da attajirai da masana. Talaka ba ya kusantar wurin.

Na biyu, su waɗannan gwanaye da manyan ma'aikatan gwamnati sun raina kiɗan sinima ƙwarai, suna ganinsa kiɗan 'yan tasha ne, mai kwaikwayon Turawa. A 1952 aka naɗa B. V. Keskar ministan watsa labarai, ya ƙuntata wa waƙoƙin sinima a gidan rediyon gwamnati, har suka kusa ɓacewa daga cikinsa. Jama'a kuwa suka juya akalar rediyonsu zuwa tashar Silon, tsibirin da a ke kira Siri Lanka yanzu, inda a ke sa waƙoƙin ba dare ba rana. Sai a 1957 gwamnati ta sauko, ta buɗe wata tasha ta musamman domin irin waɗannan waƙoƙi. Ka ga ke nan an rabu biyu, masana suna da kiɗan da jama'a ba su fahimta, jama'a suna da kiɗan da masana ke ƙyama.

A cikin wannan hali, a 1952 ɗin, Vijay Bhatt ya shirya wasan Baiju Bawra, labarin wani saurayi mawaƙi da ya yi rantsuwa sai ya ka da Tansen a gaban Sarki Akbar, domin ya rama mutuwar ubansa. Naushad ya ce tun da labarin mawaƙan fada ne, to, ko wace waƙa a kan raga za a gina ta. Masu kuɗi suka ji tsoro, suna ganin jama'a za su gudu. Dabarar da ya yi ita ce, ya ɗauki ko wace raga ya tsare ƙa'idarta, amma ya taƙaita ta cikin minti uku ko huɗu, ya ba ta amshi mai sauƙi wanda mai tura amalanke zai iya riƙewa. A wurin gasar Baiju da Tansen kuma ya gayyato gwanaye biyu na ainihi, Ustaz Amir Khan ya yi muryar Tansen, D. V. Paluskar ya yi ta Baiju. Shigowar irin waɗannan mutane cikin sinima babban abu ne a lokacin.

Akwai wata waƙa a wasan wadda har yanzu Indiyawa ke kafa misali da ita. Waƙar bauta ce ta addinin Hindu, a kan ragar Malkauns, amma Shakil ne ya rubuta ta, Naushad ya sa mata kari, Rafi ya rera, dukansu uku Musulmi, shekara biyar kacal bayan kashe-kashen rabuwa. Wasan ya karɓu ainun. Da aka fara ba da kyautar Filmfare a 1954, Naushad ne ya fara karɓar ta masu tsara kiɗa, sabo da wannan wasa. An kuma fara nuna shi ne a gidan sinimar Broadway na Dadar, daura da inda ya riƙa kwana. Titi ɗaya ne tsakani, amma sai da ya shekara 15 kafin ya tsallaka shi. Mai haƙuri ya kan dafa dutse.

Kada mai karatu ya zaci Naushad ya ƙi kayan Turawa ne. A wannan shekara ta 1952 ya yi kiɗan Aan, wasan Mehbub Khan mai launi, da makaɗa 100. Yana cikin waɗanda suka fara haɗa sarewa da algaitar Turawa, da kuma ɗaukar murya daban kiɗa daban a haɗa su daga baya. Abin da ya tsare shi ne tushen karin. Kayan kiɗa ya kan karɓa daga ko ina, amma karin da za su bi, na ƙasarsa ne.

Manyan ayyuka biyu

A 1957 Mehbub Khan ya fito da Mother India, labarin wata mata, Radha, wadda mijinta ya rasa hannuwansa ya gudu ya bar ta da 'ya'ya da bashin wani azzalumin mai ba da rance. Ta ja garma da kafaɗarta, ta ga yunwa da ambaliya, daga ƙarshe ta harbe ɗanta da hannunta domin ya tashi keta mutuncin 'yar mutane. Nargis ce ta fito a matsayin Radha. A nan Naushad ya koma kan waƙoƙin ƙauye, na shuka da girbi da rakiyar amarya, ya sa taron muryoyi suna amsawa kamar yadda a ke yi a gayya. Wasan ya kai har cikin 'yan ƙalilan da aka tace domin babbar kyautar sinima ta Amurka a 1958.

Na biyun shi ne Mughal-e-Azam, wanda K. Asif ya shafe fiye da shekara goma yana fama da shi, ya fito ran 5 ga Agusta 1960. Labarin Yarima Salim ne, ɗan Sarki Akbar, da ya so wata kuyanga mai rawa, Anarkali, har ya yi wa ubansa tawaye. Tun da Tansen ya sāke fitowa a wannan labari, sai aka nemi Ustaz Bade Gulam Ali Khan, babban gwanin zamanin, ya ba da muryarsa. Shi kuwa ba ya son sinima, sabo da haka ya yanka kuɗin da ya ke zaton zai kore su, ya ce rupi 25,000 a kan waƙa ɗaya, alhali manyan mawaƙan sinima 'yan ɗaruruwa a ke biyansu. Asif ya ce ya yarda. Dole gwani ya zo ya yi waƙa biyu. A wata waƙar kuma Naushad ya sa mutum 100 suna yi wa Rafi amshi. Duk da haka kyautar Filmfare ta wannan shekara ba shi aka ba ba, aka ba Shankar da Jaikishan. Kyautar nan sau ɗaya tak ya taɓa samunta, amma waƙoƙin Mughal-e-Azam ba su tsufa ba, har a 2004 aka sa wa wasan launi aka sāke nuna shi, Naushad yana da rai, ya kuma sa hannu a sabunta kiɗan.

Juyin zamani

Ya ci gaba da fid da ayyuka masu kyau, kamar Ganga Jamuna a 1961, wanda aka yi da harshen ƙauye, da Mere Mehbub a 1963, da Ram Aur Shyam a 1967. Amma zamani riga ne. Samari suka fara son kiɗa mai zafi irin na Amurka, sababbin masu tsara kiɗa kamar R. D. Burman suka ba su abin da su ke so. Naushad kuma mutum ne mai jinkiri a aiki, ya kan shafe makonni a kan waƙa ɗaya, ba ya karɓar wasanni da yawa a lokaci guda. Cikin shekara 65 da ya yi yana sana'a, wasannin da ya yi wa kiɗa ba su kai 70 ba, alhali waɗansu na bayansa sun yi ɗaruruwa.

Sa'an nan mutuwa ta shiga ɗauke masa abokan aiki. Mehbub Khan ya rasu a 1964, Shakil a 1970, Rafi a 1980. Gulam Muhammad, wanda ya daɗe yana taimakonsa kafin ya tsaya da ƙafarsa, ya rasu a 1968 bai ga fitowar Pakeezah ba, wasan da ya tsara wa waƙoƙi. Naushad ne ya ƙarasa aikin, ya sa kiɗan da ke bin labarin, wasan ya fito a 1972. Bayan wannan, aiki ya yi masa ƙaranci. Masu kuɗi suna girmama shi, amma ba su zuwa ƙofarsa, shi kuwa bai yarda ya sāke hanya ba, bai kuma daina faɗin ra'ayinsa a kan masu kwafar kiɗan waje ba.

Girman da gidansu ya hana shi da fari, ƙasa ta ba shi daga baya. A 1981 aka ba shi kyautar Dadasaheb Phalke, wadda ita ce mafi girma a sinimar Indiya, a 1992 kuma gwamnati ta ba shi lambar Padma Bhushan. Ya wallafa littafin waƙoƙinsa na Urdu. Wasansa na ƙarshe, Taj Mahal, ya fito a 2005, yana da shekara 85. Ya rasu a Mumbai ran 5 ga Mayu 2006. Bayan shekara biyu aka sa wa wani babban titi na unguwar Bandra, inda ya zauna, sunansa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Abin da ya shafe mu

Labarin nan bai tsaya a Indiya ba. Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa mutanen Labanan, masu gidajen sinima a Kano da sauran biranen Arewa, suka fara kawo wasannin Indiya, jama'a kuwa suka karɓe su hannu biyu. Mother India na cikin waɗanda aka yi shekaru ana maimaitawa ba a gaji ba, domin Bahaushe ya ga gona da shanu da bashi da kunya irin nasa a ciki. Mutane suka haddace waƙoƙin ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Daga baya waɗansu makaɗanmu suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna sa musu kalmomin Hausa, masu bandiri a Kano suka yi bege da su, da aka fara wasannin Hausa na bidiyo daga 1990 kuma, waƙa da rawa irin ta Indiya ta zama musu ginshiƙi.

Ba laifi ba ne mutum ya ga abu mai kyau wurin maƙwabci ya koya. Amma ya kamata a lura da abin da ya sa waƙoƙin Naushad suka ƙetare teku suka iso mu. Ya tarar da abokan sana'arsa suna aro daga waje, shi kuwa ya juya ya dubi abin da ke gidansu, na fada da na ƙauye, ya yi masa gyaran da zai shiga na'ura ya kuma shiga kunnen talaka. Da wannan ya sa gwanayen da ke ƙyamar sinima suka shigo cikinta, ya sa gwamnatin da ta kori waƙoƙin daga rediyo ta rataya masa lambar girma. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mu ma muna da namu taskar, kiɗan taushi da kotso na fada, da kalangu, da goge, da garaya, da kukuma, da waƙoƙin daɓe da na niƙa da na gaɗa, ga kuma abin da su Narambaɗa da Ɗan Ƙwairo da Shata suka bari. Duk saurayin da ke son ya tsara wa wasan Hausa kiɗa, in zai yi koyi da Naushad, to, sai ya fara da zama a gaban tsofaffin makaɗan garinsu tun suna da rai, ya koyi abin da ke hannunsu, kamar yadda ɗan akawun Laknau ya zauna a gaban nasa.